Hannun Gyara

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Kamila ta ce in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana. Likita ne ya sa ta. Na gaya mata mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana akawun ƙungiyar manoma ba sai an koya masa riƙe alƙalami ba. Ta ce, "Na sani, Baba." Tun ranar Laraba da haka take amsa mini komai.

An ce in fara da sunana da inda nake, kamar ɗan aji ɗaya. To. Sunana Babba, ana ce mini Baba Akawu. Ina Kankia. Ina da shagon hatsi a bakin titi, gaba kaɗan da tasha. Gero, dawa, masara da wake muke sayarwa, yawanci daga Mawashi da Dudunni ake kawo mana. Ummaru ne ke awo da ɗaukar buhu, ya daɗe tare da ni, har ya yi furfura a shagon. Kamila ɗiyata ce, ita kaɗai ta rage mini. Tana aure a Katsina, tana koyarwa. Uwarta, Nana, ta rasu. Gidan nan ɗaki huɗu ne, ina kwana a ɗaya.

Aikina a shago yanzu ɗaya ne. Ina zama a 'yar kujera kusa da buhunan da aka buɗe. In Ummaru ya gama auna tiya, sai mai saye ya matso da ledarsa ko ƙwaryarsa gabana, in sa hannu a buhu in yi masa gyara. Tafi ɗaya ga kowa, tafi biyu ga wanda na san halin da yake ciki. A nan ake gaisawa, a nan nake jin wa ya haihu, wa ya kwanta.

Ga shi na rubuta. Yau na sha koko.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Kamila ta zaunar da ni a zaure. Da na ga ta cire takalmi ta durƙusa na san da magana.

"Baba, shagon nan duk a kanka yake. Buhu nawa ke sito, me aka kai wa makarantar kwana, wa ya kawo wake, duk a kanka."

Na ce, "A ina kike so ya kasance, a ƙafata?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai manhaja da ake sawa a kwamfuta ko a waya, ta riƙe lissafi, ta san abin da ya shiga sito da abin da ya fita, ta buga rasit da takardar neman biya. Makarantar ma ta fara cewa ba za ta ƙara karɓar rubutun hannu ba. Ta ce ta yi magana da Bayo mai shagon kwamfuta, zai kawo guda uku a gwada.

"Amma kai za ka zaɓa, Baba. Kai ne akawu. Wadda ka ce, ita za a saya."

Na tambaye ta ko saboda Laraba ne. Ta ce saboda zamani ne. Ta dubi tabarma lokacin da take faɗa.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Laraba ce. Ban fita ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Bayo ya zo da kwamfutarsa a jaka. Na san ubansa, bakanike ne a tasha, Bayarabe mai yawan dariya. Shi Bayo nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu jikokin gari. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, sannan ya dubi Ummaru.

"Malam Ummaru, kwananka ya ƙare. Na kawo wadda za ta riƙa ƙirga ko ƙwayar da kake watsa wa kajin maƙwabta."

Ummaru ya ce, "Ta iya ɗaukar buhu?"

"A'a."

"To ka ce mata ta gaishe ni."

Sunayen manhajojin na Turanci ne, dogaye, kuma duk kama suke da juna. Na ce ni da launi zan riƙe su. Akwai shuɗiya, akwai koriya, akwai mai ruwan goro. Bayo ya ce haka ma ya fi.

Na sa tabarau na zauna gaban abin. Rabon da wani ya buɗe mini shafi ya ce in duba in faɗi ra'ayina, na manta. Na tambaye shi ina gefen shiga, ina gefen fita, ina ake daidaita su a ƙarshen wata. Ya dube ni da mamaki ya nuna mini. Duk abin da aka koya mana da tawada da rula yana ciki, an dai canza masa riga.

Na ci tuwo sosai yau.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko

Na kori shuɗiya. Ba ta motsi sai da sabis, kuma kowane wata sai an biya ta da kuɗin waje. Muna cikin gwaji sabis ya ɗauke, ta tsaya tana juya wani ɗan zobe, mata biyu na tsaye da ƙwarya. Na ce wa Bayo, "Wannan 'yar birni ce, mayar da ita gidan ubanta." Ummaru ya yi dariya har da riƙe ciki.

A masallaci wani mutum ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Baba, ya jiki? Ka isa gida lahiya ran nan?" Na amsa masa da kyau. Da muka fito Ummaru ya ce direban ne. Na ce wane direba. Ya ce na motar Kusada, wanda ya dawo da ni ran Larabar nan.

Ban ƙara tambaya ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Saura biyu, kuma na fahimce su.

Mai ruwan goro ba ruwanta da sabis. Tana tafe da sikelinta da 'yar firintarta. Kilo kawai ta sani. Ana auna hatsi tun da safe a zuba a leda a liƙe da inji, kilo ɗaya, kilo biyu da rabi, kilo biyar. Mai saye ya nuna, a miƙa masa, rasit ya fito. Da yamma Kamila na iya ganin komai daga Katsina. Takardar makaranta kuwa tana buga ta tsaf, har da sunan shago a sama.

Koriya mai sauƙin kai ce. A waya take zama. Ta yarda da tiya, ta yarda da buhu a buɗe. Sai dai abin da aka gaya mata shi ta sani, wanda aka manta ya ɓata. Takardarta ta neman biya kuma ba ta da fasali.

Na ce, "A cikinsu wacce ta san gyara?"

Bayo ya sosa kai. Ya ce a mai ruwan goro babu, don ledar a liƙe take. A koriya akwai gurbin da za a iya sa wa suna kyauta, amma tana son lamba. "Baba, tafinka kilo nawa ne?"

Na ce ban taɓa tambayarsa ba.

Ya ɗauko ƙaramin sikeli ya ce in debi gero in zuba. Na zuba. Ya rubuta. Na sake, lamba ta canza. Na sake, ta ƙara canzawa. Hannun ne ke rawa, rabi na zubewa kafin ya isa. Ummaru ya ce sikelin ne ɗan China. Bayo ya ce ƙwarai, sikelin ne, ya ɗauki ta tsakiya ya shigar.

Mun shirya a gwada koriya tukuna. Duk wanda na yi wa gyara sai in ɗaga murya in ce tafi ɗaya ko tafi biyu, Ummaru ya danna.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da magariba

Kamila ta koma, hutun da ta ɗauka ya ƙare. Kafin ta tafi ta ɗinka wata 'yar takarda a cikin aljihun kowace rigata, da sunana da lambarta. Tana tsammanin ban gani ba. Makullin shago kuma yanzu wurin Ummaru yake kwana.

Bayan tafiyarta na zauna a tsakar gida. Babu abin da ke motsi sai ƙadangare. In ba don shagon ba, zan iya wuni ban ji muryata ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Rana mai kyau. Sabon wake ya fara shigowa daga Dudunni, fari tas. Na yi ta kira, tafi ɗaya, tafi ɗaya, tafi biyu, Ummaru na dannawa da yatsansa mai kauri yana tsaki.

Kubura ta zo. Mutuniyar Mawashi ce, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a bakin tasha tana riƙon jikoki. Tun tana amarya take sayen wake a wurina.

"Malam, mi ne ne wanga kira da kake yi kamar kwandasta?"

Na ce gwamnati ce ta shigo shago, a cikin wayar Ummaru take zaune.

"To ka gaya mata ni tafi biyu gare ni tun kafin a haife ta."

Na zuba mata biyu na ɗaga murya na faɗa. Ta ce yanzu kuma sai duk tasha ta san ita matalauciya ce. Da wasa ta faɗa, amma ya tsaya mini. Gyara ba a shelanta shi. Daga nan na riƙa nuna wa Ummaru da yatsu.

Da aka tashi, Bayo ya zo ya duba. Abin da waya ta ce da abin da ke buhu sun kusa haɗuwa. Ya ce, "Baba Akawu, ka ci jarrabawa." Na koma gida da ƙafata, ban tsaya hutawa ba sai sau ɗaya.

Laraba, 15 ga Oktoba, da yamma

Ba su haɗu ba yau. Jiya ma ba su haɗu ba. Waya ta ce akwai sauran wake, buhu ya ce babu.

Na lura Ummaru ya daina kallon yatsuna, hannuna yake kallo. Ko na nuna ko ban nuna ba, yana dannawa. Yana awo, yana karɓar kuɗi, yana ba da canji, ido ɗaya na kaina. Sau biyu ya yi kuskuren canji, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan isha'i

Asibiti, Katsina. Kamila ta aiko mota.

Likitan yaro ne mai ladabi. Ya faɗi abubuwa uku ya ce in riƙe masa, zai karɓa an jima. Ya ba ni takarda ya ce in zana agogo. Ni da na sa agogo a hannu tun ubansa bai yi kaciya ba. Na zana. Lambobin suka taru a gefe guda kamar tumaki a inuwa, ban san yadda aka yi ba. Ya ce ya yi kyau.

Ya tambaye ni me na je yi Kusada ran nan. Na ce aiki. Can na fara akawu, a ofishin ƙungiya, kusa da wata tsamiya. Ya ce na tarar da ofishin? Kamila ta ce, "Likita, ya gaji."

Abubuwa ukun bai ƙara tambaya ba, ko kuwa ya tambaya.

A mota ta riƙe hannuna har Kankia. Ta ce yaya zaɓe. Na ce koriya na gaba.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Ƙafafuna sun kumbura. Na je duk da haka.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Bayo ɗan bakaniken tasha zai kawo manhaja uku a gwada. Kamila ta ce ni zan zaɓa. Dole in tambaye shi wacce ta san gyara.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Shago cike yake. Kubura ta sayi wakenta, Ummaru ya auna, ta matso na zuba mata tafi biyu. Muka taɓa hira a kan jikanta da ƙyanda ta kama. Na sa hannu a buhu na zuba mata gyara. Ta dubi ledar. Na tambaye ta jikan nata, na sa hannu a buhu.

Ta riƙe bakin ledar ta rufe.

"Malam, ka yi mani."

Na ce yaushe.

"Ka yi mani, har sau biyu. Wanga na ukku ne."

Hannuna na sama cike da wake, yana zubewa ta tsakanin yatsu. Kowa ya ji. Wani yaro ɗan acaɓa ya ce, "Baba, ni ma a manta da ni haka mana," wasu suka yi dariya, Ummaru ya daka masa tsawar da ban san yana da ita ba.

Kubura ta buɗe ledar ta debi tafi biyu da hannunta ta mayar cikin buhu. A hankali ta yi, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba ni cin abin da ba a yi niyyar ba ni ba." Sannan ta durƙusa ta ce Allah ya ƙara lahiya, ta fita. Ba ta tsokane ni ba. Shekara da shekaru ba ta taɓa fita ba ta tsokane ni ba.

Da shago ya watse na tambayi Ummaru ko yau ne farko. Ya yi ta gyara bakin buhun da ba ya buƙatar gyara. Na ce, "Ummaru, ina tambayarka." Ya ce, "Wasu ba su maidowa, Baba."

Laraba, 22 ga Oktoba

Ban fita ba. Ban ga amfanin rubuta lokaci ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Na aika aka kira Bayo. Na ce ya kai ni inda mai ruwan goro ke aiki in gani da idona. Ya ɗauke ni a keke-napep zuwa wani shagon shinkafa can hanyar fita gari.

Wuri fes. Ledoji a jere bisa kanta, kowace da lambarta. Babu ƙwaya ɗaya a ƙasa. Wata mata ta shigo ta nuna, aka miƙa mata, takarda ta fito, ta tafi. Ban ji ta faɗi sunanta ba, ba a kuma tambaye ta mutanen gida ba. Mai jiran shagon ya nuna mini sito a fuskar kwamfuta, muka shiga muka ƙirga buhuna, suka yi daidai.

Na ce ina mai shagon yake zama. Ya ce Alhaji a Kano yake, ta waya yake dubawa.

Na duba ko'ina. Kujera ɗaya ce, ta mai danna kwamfuta.

A hanyar dawowa Bayo ya ce, "Baba, koriyar ma ba laifi. Ana iya lallaɓawa." Na ce masa lokacin da nake akawu, in littafi ya dogara da mutum ɗaya, kuma mutumin ya fara tangaɗi, ba a lallaɓawa. Ya gyaɗa kai. Yaron kirki ne.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na auna su kamar yadda aka koya mini, gefe da gefe.

Koriya: tana son wanda ba ya mantuwa. Tana cinye idon Ummaru. Takardarta makaranta ba za ta karɓa ba, kuma makaranta ce rabin cinikinmu. Ummaru na da 'ya'ya shida. Kamila ba ta barci.

Mai ruwan goro: ba ta da aibi ko ɗaya da zan iya rubutawa a wannan shafi a matsayina na akawu.

A gefen koriya abu ɗaya ne kawai, ni.

Na daɗe ina kallon shafin. Na so in sami kuskure a lissafin. Ko yanzu da kaina ke yoyo, wannan bai ɓace mini ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Kamila ta zo. Na sa babbar riga na zauna a zaure na ce ta zauna, yau ni ke da magana.

"Na zaɓa. Mai ruwan goro."

Ta ɗago kai. "Baba, ka san babu buɗaɗɗen buhu a cikinta."

"Ni na gwada ta, ke kika gwada?"

"Ka tabbata?"

Na ce na tabbata, amma da sharaɗi. Ummaru ba ya zuwa ko'ina, a koya masa har ya iya. Ta ce dama. Na ce akwai mata kamar Kubura. Ta ce Bayo ya ce ana iya sa musu ragi, a rubuta sunayensu a ciki, duk sanda suka zo kuɗinsu ya sauka da kansa. Na ce ragi daban, gyara daban. Ragi sai an rubuta sunanka cikin mabuƙata. Ta ce to yaya za a yi. Na ce a sa ragin.

Ta ce zan iya zuwa kullum in zauna, ai shagona ne. Na ce in zauna in yi me, in tsare ledoji kada su gudu? Ta yi dariya, sai dariyar ta juye. Ta kifa kai a gwiwata kamar tana ƙarama. Ta ce, "Baba, ka fi ni ƙarfin hali."

Na ji daɗin wannan magana. Ba zan ɓoye ba. Na yi aikin akawu na ƙarshe, kuma na yi shi daidai, a kan kaina.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan azahar

An kawo kayan. Sikeli, firinta, injin liƙe leda, batir da faifan sola. Na je in ga an kafa. Kafinta na buga kanta a inda buhunan gyara suke, an jingine kujerata a waje.

Na yaba wa Bayo. Na ce Asabar aka yi magana, Talata kaya sun iso, ko jirgi ya hau?

Yana ƙarƙashin kanta yana haɗa waya, bai ɗago ba. Ya ce, "Ina fa, Baba. Daga Legas fa suke. Ai tun kafin in fara zuwa nan Anti Kamila ta biya, motar ce ta lalace a hanya, da tuni—"

Ummaru ya yi tari. Tari mai ƙarfi, na wanda ba ya mura.

Bayo ya fito daga ƙarƙashin kanta a hankali. Ya dubi Ummaru, ya dube ni. Ya ce, "Wato, Baba, cewa ta yi in ka zaɓi wata sai a mayar." Na ce ana mayarwa? Ya dubi sukudireban da ke hannunsa.

Na ce su ci gaba da aiki, yana kyau. Na ce firintar a matsar da ita daga bakin taga saboda rana. Suka ce to, Baba, da sauri, su biyun.

Ummaru ya rako ni gida ɗauke da kujerar a ka. A ƙofa ya ce, "Baba, don kada ranka ya ɓaci ne. Cewa ta yi in kana da abin yi..." Na ce ya ajiye ta a zaure.

Shuɗiya, koriya, auna tafina a sikeli, zuwa shagon shinkafa. Kamar yadda ake ba yaro tsinke ya yi wasa a gefe har a gama aski.

Laraba, 29 ga Oktoba, da magariba

Kamila ta bugo. Muryarta wasai, na daɗe ban ji ta haka ba. Ta ce tana ganin sito daga ɗakinta, buhu ɗaya bai ɓata ba. Ta ce, "Baba, zaɓinka ya yi. Har na gaya wa malaman makarantarmu, na ce babana ne ya tantance."

Na buɗe baki. Na ji yaranta na hayaniya a bayanta, tana ce wa ɗaya ya sauka daga kan tebur.

Na ce Allah ya sa albarka.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi wanka na sa hula na kai har bakin ƙofa. Sai na ga kujerar a zaure.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Daga nan ana jin motocin Kano suna kiran fasinja. Ummaru ya aiko da tuwo. Ba wanda ya shigo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da yamma

Ba wanda ya shigo.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Malam Mamuda maƙwabcina ya leƙo, muka zauna a zaure. Ya ce ya biya ta shago, ya ga abin mamaki, takarda na fitowa daga akwati da sunana a sama. Ya ce 'ya'yan zamani sun iya kashe kuɗi. Na ce ba 'ya'yan zamani ba ne, ni ne. Guda uku aka kawo, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, na kori biyu. Na ba shi labarin shuɗiya da zobenta, ya yi dariya. Ya ce, "Ashe akawu na nan." Na ce yana nan.

Bayan ya tafi na ji wani abu na ci mini rai game da wannan magana, kamar tsakuwa a takalmi. Akwai abin da wani ya faɗa, ina jin Bayo ne, yana ƙarƙashin wani abu. Na bi shi, na bi shi, ya tsere.

Na san yana cikin shafukan baya. Yatsana na kan gefen takardar.

Ni na zaɓa. A nan zan tsaya yau.